Abdullah Ibrahim, Herbie Hancock, Keith Jarrett ko Robert Glasper: wa mai koyon fiyanon jaz zai riƙe?

Ƙanen wani abokina, yaro mai hannu, shekararsa uku yana yi wa mawaƙa kiɗa a situdiyo. Kwanaki ya tare ni a bakin shago ya ce ya gaji da kod (wato sautukan da ake dannawa tare) huɗun nan da ake ta juyawa kamar waina, jaz yake son shiga. Ya nuna mini wayarsa. Faya-fayan mutum huɗu ya tara, yau ya kwana da wannan, gobe ya tashi da wancan, wata shida ke nan bai haɗa kiɗa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. "Yaya, don Allah a cikinsu wa zan riƙe?" Amsar da na ba shi a tsaye ba ta kwanta mini ba, shi ya sa na zauna na tsara ta a rubuce.

Tambayar tana da nauyi saboda yadda ake koyon jaz tun asali. Littafi yana taimakawa, amma kunne ne babban malami. Mutum zai ɗauki faifan gwani guda, ya yanki daƙiƙa goma, ya yi ta maimaitawa har yatsunsa su kama abin da kunnensa ya ji, sannan ya matsa gaba. Kafin salon mutum ɗaya ya zauna maka a hannu ka ci shekara ɗaya ko biyu. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Abin da za a auna

Na farko kuɗi. Sauraro ba ya cin komai yanzu sai data, domin faya-fayan mutanen nan duk suna Spotify da YouTube. Hatta kamfanin ECM na Jamus mai fitar da faya-fayan Jarrett, da ya daɗe yana ƙin sakin kayansa a intanet, ya sakko tun 2017. Kuɗin yana wajen abin bugawa. Akwai fiyanon lantarki mai maɓalli 61, irin Yamaha PSR da ya cika situdiyo da coci-coci, maɓallansa sakayau, ba sa tura yatsa baya. Akwai mai maɓalli 88 masu nauyi, irin Yamaha P-45, wanda kuɗinsa yakan ninka na ƙananan PSR sau biyu ko fiye. Sai fiyanon katako na ainihi, mai wayoyi sama da 200 a ɗaure tamau, wanda ke bukatar mai saiti aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma busasshiyar iskar hunturu abokiyar gabarsa ce. Kowane gwani a cikin huɗun nan akwai irin fiyanon da salonsa ke nema.

Na biyu ƙarko: abin da ka koya zai yi maka aiki bayan shekara goma, ko yayi ne da zai wuce? Na uku sauƙin shiga, wato wata nawa za ka yi kafin ka buga abin da mutum zai zauna ya saurara bai duba waya ba. Na huɗu haɗari, kuma haɗarin kala uku ne: ciwon wuyan hannu, karayar zuciya, da zama kwafin wani har abada.

Akwai na biyar da mutane ke mantawa. Kai kaɗai kake a ɗaki, ko kana da mai ganga da mai bes (abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin amo) da za ku riƙa haɗuwa? Wannan kaɗai yakan yanke hukunci.

Abdullah Ibrahim

An haife shi a Cape Town ta Afirka ta Kudu ranar 9 ga Oktoba 1934. Iyayensa sun raɗa masa Adolph Johannes Brand, duniya ta fara saninsa da Dollar Brand. Kakarsa ce ke buga fiyano a coci, kuma waƙoƙin cocin nan ba su taɓa barin hannunsa ba. A 1959 shi da Kippie Moeketsi da Hugh Masekela da Jonas Gwangwa suka haɗu a ƙungiyar Jazz Epistles, suka yi faifai a 1960. A shekarar ce aka yi kisan Sharpeville, gwamnatin wariyar launin fata ta ƙara matse baƙar fata, wuraren wasa suka yi wuya, ƙungiyar ta watse. A 1962 ya bar ƙasar zuwa Zurich. Can ne a 1963 mawaƙiya Sathima Bea Benjamin, wadda ya aura daga baya, ta lallashi babban gwanin jaz na Amurka Duke Ellington ya zo ya saurare shi a wani ƙaramin kulob. Ellington ya ji, ya shirya masa ɗaukar faifai a Paris, ƙofa ta buɗe. Ya musulunta a 1968, ya ɗauki sunan da muka san shi da shi, ya kuma sauke farali. A 1983 ya kafa ƙungiyarsa Ekaya, ma'anarta gida, kuma a 1994 ya yi wasa a bikin rantsar da Nelson Mandela.

Abin da mai koyo zai fara da shi shi ne "Mannenberg", wanda ya ɗauka a Cape Town a 1974 tare da masu busa saksafon Basil Coetzee da Robbie Jansen. Sunan ya samo asali ne daga wata unguwa da gwamnati ta jibge mutanen da ta tasa daga gidajensu, kuma a shekarun 1980 kiɗan ya zama taken masu yaƙi da wariya. Ka sa shi ka zauna gaban fiyano. Za ka ji hannun hagu yana zagaye a kan kod uku, irin zagayen tsohon kiɗan marabi na unguwannin baƙar fata, bai sauya sheƙa ba har sama da minti goma sha uku. Hannun dama kuma yana rera ɗan gajeren kari, ya tafi, ya dawo, ya ɗan karkata shi, ya sake dawowa. Fiyanon da aka yi amfani da shi ma ba wani na alfarma ba ne, tsoho ne mai tsaye, amonsa ƙarfe-ƙarfe.

Kunnen da ya tashi da Shata ba baƙo ba ne a nan. 'Yan amshi da kalangai suna riƙe da abu ɗaya ba sa saki, shi kuma uban waƙa yana yawo a kai yadda ya ga dama. Haka hannayen Ibrahim biyu suke raba aiki. Yana ma da wani kiɗa da ya sa wa suna "Zikr" a faifan da suka yi da mai bes Johnny Dyani a 1979, kuma wanda ya san zaman zikiri zai gane inda maimaicin ya dosa.

Ta fuskar kuɗi shi ne mafi rangwame. Da maɓalli 61 za ka yi nisa, ko da yake in ka samu mai nauyi ka fi jin daɗin hannun hagu. Ba ka bukatar kowa, domin ya yi faya-fayai da dama shi kaɗai, tun daga African Piano da aka ɗauka a Copenhagen a 1969 har zuwa Solotude na 2021. Sauƙin shiga kuwa babu kamarsa: wanda ya riga ya saba da fiyano, cikin 'yan makonni zai iya buga abin da za a gane. Ƙarkonsa yana wajen horar da hannun hagu da koyon haƙuri, abubuwan da kowane salo ke bukata.

Haɗarin yana ɓoye cikin sauƙin. Kod uku kowa zai danna, amma riƙe su minti goma ba ka yi sauri ba, ba ka yi sanyi ba, mai sauraro bai yi hamma ba, wannan aikin manya ne. Faya-fayansa na tsufa rabinsu shiru ne, yakan danna sauti ɗaya ya bar shi ya mutu kafin ya taɓa wani. Matashi mai zafin jini yakan ɗauka ba komai ake yi ba. Sannan in ka tsaya a kansa kaɗai, ranar da ka shiga cikin masu jaz suka kira ɗaya daga tsofaffin waƙoƙin Amurka masu kod ashirin, za ka tsaya kana kallon maɓallai.

Herbie Hancock

Shi ɗan Chicago ne, haihuwar 12 ga Afrilu 1940. Yana da shekara 11 ya buga wani ɓangare na kiɗan Mozart tare da babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin. A kwalejin Grinnell injiniyancin lantarki ya fara karantawa, kuma wannan son na'ura ya bi shi har tsufa. Mai busa ƙaho Donald Byrd ne ya ja shi New York, shi ne kuma ya ba shi shawarar da ta fi kowace daraja: kada ya sallama wa kamfani haƙƙin mallakar kiɗan da ya tsara. Faifansa na farko, Takin' Off na 1962, yana ɗauke da "Watermelon Man", wanda ya tsara yana tuna kiran masu tallar kankana a lungunan Chicago. Da Mongo Santamaría ya sake buga shi a 1963 ya karɓu, kuɗin suka shigo aljihun Hancock. Duk mai aiki a situdiyo ya riƙe wannan ko da ba zai koyi jaz ba.

Daga 1963 zuwa 1968 yana tare da shahararren mai busa ƙaho Miles Davis, da Ron Carter a bes, da Tony Williams a ganga, sai Wayne Shorter da ya shigo a 1964. Hancock ya sha ba da labarin wani dare da ya danna kod ɗin da ba shi ba ne a tsakiyar busar Miles, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, sai Miles ya ɗan dakata ya busa sautukan da suka mai da kuskuren daidai. A 1973 ya juya ga kayan lantarki da Head Hunters, wanda ya sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya. A 1983 ya fito da "Rockit". Ya yi faifan Village Life da Foday Musa Suso, mai kiɗan kora ɗan Gambiya. Ya ci Oscar a 1987, sannan a 2008 ya ci Grammy ta faifan shekara gaba ɗaya. Ranar Jaz ta Duniya da UNESCO ke yi kowace 30 ga Afrilu ma da hannunsa a ciki.

Abin da ya sa nake ganin ya fi kowa ƙarko shi ne Hancock ba mutum ɗaya ba ne, tsani ne mai matakai. Matakin ƙasa yana da sauƙi ƙwarai. "Chameleon" kod biyu ne a babban ɓangarensa, "Cantaloupe Island" kod uku, "Watermelon Man" kuma tsarin bulus ne, tsohon kiɗan baƙar fatar Amurka, da aka ɗan tsawaita. Duk ɗan PSR zai iya shiga, har ya fi dacewa, tunda sautin kayan lantarki masu maɓalli, Fender Rhodes da clavinet, da Hancock ya yi amfani da su suna cikin kusan kowane fiyanon lantarki, ko da kwaikwayo ne. Mataki na tsakiya shi ne Maiden Voyage na 1965, inda kod ke rataye ba ya sauka inda kunne ke jira. Na sama kuwa aikinsa ne da Miles, kamar Miles Smiles, inda yakan ajiye hannun hagu gefe ya bar na dama yana ta yawo. Nan sai da ilimin haɗa sauti sosai, kuma nan ne za ka bukaci maɓalli 88 da malami ko littafi.

Matsalarsa guda ce babba: kusan duk kiɗansa hira ce da wasu. In babu mai ganga da mai bes, rabin darasin ya tafi. Kiɗan rakiya da ake saukewa a waya yana rage zafi, amma na'ura ba za ta amsa maka ba in ka yi kuskure. Haɗari na biyu shi ne tsallake mataki. Na ga yara da suka haddace manyan kod ɗinsa daga bidiyo suna zuba su a kowace waƙa, kamar mai zuba yaji a kunu.

Keith Jarrett

A nan zan daɗe, domin nan ne ramin da na faɗa.

An haifi Jarrett a Allentown ta jihar Pennsylvania ranar 8 ga Mayu 1945, kuma tun bai kai shekara uku ba aka zaunar da shi gaban fiyano. Ya ratsa ta ƙungiyar Art Blakey, ya yi suna tare da Charles Lloyd, ya buga kayan lantarki wa Miles Davis a 1970 da 1971, daga nan ya juya musu baya ya koma fiyanon katako. Abin da ya fi shahara da shi shi ne ya hau dandamali shi kaɗai, babu takarda, babu shiri, ya ƙirƙiri kiɗan awa guda nan take.

Daren 24 ga Janairu 1975 a gidan opera na Kolon ta Jamus shi ne labarin da kowa ke bayarwa. Wata budurwa da ba ta kai shekara ashirin ba, Vera Brandes, ita ta shirya wasan. Jarrett ya nemi babban fiyano ƙirar Bösendorfer, ma'aikata suka yi kuskure suka turo ƙarami na gwaji, saitinsa ya gudu, sautin sama siriri, na ƙasa ba ƙarfi, fedar da ake takawa da ƙafa kuma tana gardama. Ya iso a gajiye bayan doguwar tafiya a mota daga Suwizalan, ga ciwon baya, ga rashin barci. Da farko ya ce ba zai yi ba. Da aka shawo kansa ya hau da misalin sha ɗaya da rabi na dare gaban mutum kimanin 1,400, ya tattara wasansa a tsakiyar maɓallai inda fiyanon ke da ɗan rai, ya sa hannun hagu yana ta mirgina abu ɗaya don ya cike gurbin ƙarfin da babu. Faifan da ya fito, The Köln Concert, ya sayar da sama da miliyan uku da rabi, babu faifan fiyano zalla a jaz da ya kai shi.

Wannan labarin ne ke yaudarar masu koyo. Mutum zai ce ai ga shi da lalataccen fiyano ya yi abin tarihi, kuma a kashi na farko akwai wurin da ya yi mintuna da yawa a kan kod biyu kacal, to ni ma zan iya. Ni ma haka na ce. Na samo rubutun kiɗan, wanda kamfanin Schott ya buga a 1991 bayan shi Jarrett ya daɗe yana ƙi. Na baje shi a kan ɗan fiyanona mai maɓalli 61. Shafin farko ya tafi lafiya. Daga nan na gane hannun hagu yana riƙe da bugu ɗaya, babban yatsan dama yana riƙe da wata murya a tsakiya, sauran yatsun suna rera ta uku a sama, kuma kowace murya da nata nauyin taɓawa. A maɓalli sakayau duk sai su fito da ƙarfi ɗaya, kamar mutum uku suna magana lokaci guda. Na ɗauka ƙarfi ne ya yi kaɗan, na ƙara dannawa. Wata uku ina wannan, sai wata safiya na kasa murɗa makullin ƙofa saboda wuyan hannu. Likita ya ce in ajiye fiyano na wasu makonni. Ko shafi goma ban kai ba.

Saboda haka ta fuskar kuɗi shi ne mafi tsada: maɓalli 88 masu nauyi da feda mai kyau shi ne mafi ƙaranci, kuma sai ka iya karanta rubutun kiɗa sosai ko kunnenka ya yi kaifin gaske. Ka tuna mutumin ya yi faya-fayan Bach da Mozart, hannunsa na wanda ya yi horon gargajiyar Turai tun yarinta ne. Haɗarin karayar zuciya a nan ya fi ko'ina. Akwai kuma haɗarin kwaikwayon abin da ba kiɗa ba: Jarrett yakan miƙe tsaye, ya lanƙwasa, ya yi ta gurnani yana bugawa, har yakan tsayar da wasa saboda tarin 'yan kallo. Masu binsa sukan ɗauki gurnanin kafin su ɗauki hannun.

Amma kar a yi masa rashin adalci, akwai ƙofar baya. Daga 1983 ya yi kimanin shekara talatin tare da Gary Peacock da Jack DeJohnette suna buga tsofaffin waƙoƙin Amurka, kuma wannan taska ce ga wanda ya yi nisa. Sannan a ƙarshen shekarun 1990 wata cutar kasala mai tsanani ta kwantar da shi, da ya fara farfaɗowa ya ɗauki The Melody at Night, with You a gida, ya fito a 1999. Babu gudu a ciki, babu nuna gwaninta, kari ne tsura a hankali. Wanda ya nace sai Jarrett, nan ya kamata ya fara. Wasansa na ƙarshe a bainar jama'a shi ne na Carnegie Hall a 2017, domin a 2018 shanyewar ɓarin jiki ta same shi sau biyu, ta taɓa masa hagu.

Robert Glasper

Shi ne ƙarami a cikinsu, haihuwar Houston a 1978. Mahaifiyarsa mawaƙiya ce, a coci ya fara bugawa, ya yi karatu a New School ta New York, ya shiga kamfanin Blue Note da faifan Canvas a 2005. Black Radio na 2012 ya ci Grammy a rukunin R&B, ba na jaz ba, kuma hannunsa yana cikin To Pimp a Butterfly na Kendrick Lamar a 2015.

Ga ɗan situdiyo shi ne ya fi kusa da abinci. Salonsa kod masu kauri ne irin na coci, a ɗan gajeren zagaye, ana ɗan jan su baya da bugun ganga da gangan, yadda mai haɗa kiɗan hip-hop J Dilla ya riƙa tsara bugunsa. Sautin Rhodes ya ishe ka, kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa za su tsaya maka a madadin mai ganga, kuma abin da ka koya yau gobe za ka iya sa shi a waƙar wani a biya ka. Ƙarkon ne nake shakka, domin wannan amon ya cika ko'ina har ya fara zama yayi. Kuma masu kwaikwayonsa suna mantawa cewa kafin Black Radio ya yi shekaru yana buga jaz tsantsa, ya yi wa irin su Kenny Garrett da Christian McBride aiki. Shi kansa daga Hancock ya sha. In ka bi shi da gaske, zai kai ka gidan Hancock ne.

Wani zai ce ina Hiromi Uehara, 'yar Hamamatsu ta Japan, garin da hedikwatar Yamaha da Kawai suke, wadda ta yi wasa a buɗe gasar Olamfik ta Tokyo a 2021? Na bar ta ne da gangan. Kallo ya halatta, amma saurin yatsunta ba abin da mai shekara uku a fiyano zai sa a gaba ba ne, sai in yana neman abin da ya same ni.

Ga su a jere:

| Ma'auni | Ibrahim | Hancock | Jarrett | Glasper |
|---|---|---|---|---|
| Fiyanon da ake bukata | maɓalli 61 ya isa farawa | 61 da farko, 88 daga baya | 88 masu nauyi, da feda | 61 mai sautin Rhodes |
| Kuɗi | kaɗan | kaɗan, yana ƙaruwa | da yawa | matsakaici, har da kwamfuta |
| Sauƙin shiga | makonni | watanni | shekaru | watanni |
| Ƙarko | tushe mai ƙarfi, fili kaɗan | mafi faɗi | mai zurfi, ga wanda ya kai | ya dogara da yayi |
| Abokan kiɗa | ba dole ba | kusan dole | ba dole ba | na'ura na iya tsayawa |
| Babban haɗari | raina sauƙinsa | tsallake mataki | ciwon hannu, karaya | haddar kod ba tushe |

Wa ya dace da wa

In kai kaɗai ne, da ƙaramin fiyano, ba ka karanta rubutun kiɗa, kuma kana son ka ji kana buga wani abu cikakke kafin zuciyarka ta gaji, Abdullah Ibrahim. Haka ma wanda ya fara a manyance, yatsu sun riga sun yi tauri.

In kuna da ƙungiya, ko da ta coci ce ko ta makaranta, kuma burinka nan da shekara biyar ka zauna cikin masu jaz ko'ina a duniya ba ka ji kunya ba, Hancock. Ka bi shi daga ƙasa, kada ka taɓa faya-fayansa da Miles da hannu sai ka shekara kana jin su da kunne.

In fiyano ne sana'arka kuma kana son abin da zai ƙara wa aikinka kuɗi a wannan shekarar, Glasper, da sharaɗin kowane kod da ka ɗauka ka san sunansa da inda ya fito.

Jarrett na wanda ya yi horon gargajiya ne tun yana yaro, yana karanta takarda kamar jarida, yana da fiyano mai nauyi a ɗaki da awa biyu ko uku a kullum. In ba ka cika waɗannan ba, ka saurare shi da dare, ka koyi wani da rana.

Shi ƙanen abokin nawa PSR gare shi, shi ma na mai situdiyo ne, sai bayan isha'i in mawaƙa sun watse yake samun awa guda, in akwai wuta. Zuciyarsa tana kan Jarrett, aljihunsa yana kan Glasper. Na ce ya kwashe faya-fayan ukun ya ba ni ajiya, ya bar Ibrahim kaɗai wata uku, hannun hagu zalla a watan farko. Bayan nan ya nemi yaron da ke buga musu ganga su fara "Cantaloupe Island". Ya dube ni ya ce, "Yaya, wata guda cur a kan kod uku?" Na ce ya je ya riƙe su minti goma da agogo, ya ɗauka a waya ya turo mini. Ya turo jiya da daddare. A minti na huɗu ya fara gudu.